Daren Darna da Bangon da Ba a Gyara Ba

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda iska da girgije ke tafiya da izininsa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugaba Annabi Muhammadu (SAW), da iyalan gidansa, da sahabbansa, da duk wanda ya bi sawunsu har zuwa ranar sakamako. Bayan haka:

A gabashin Libiya, a bakin tekun Bahar Rum, akwai wani gari mai suna Darna. Mutanensa sun kai kimanin dubu ɗari. Teku na gabansa, duwatsun Jabalul Ahdar na bayansa, kuma wani kwari da ya gangaro daga duwatsun ya raba garin gida biyu kafin ya faɗa teku. Galibin shekara kwarin a bushe yake, har an shimfiɗa hanyoyin mota a gefensa biyu, an jera gidajen sama a gaɓarsa. Sunan garin ba baƙo ba ne ga ma'abota ziyara, domin a tsakiyarsa ne Masallacin Sahabbai yake, kusa da maƙabartar da ake jinginawa ga Zuhairu ɗan Ƙaisu al-Balawi da waɗanda suka yi shahada tare da shi a ƙarnin farko na Hijira.

A farkon watan Satumba na 2023 wata guguwa ta haɗu a kan tekun, masana yanayi suka raɗa mata suna Daniel. Ta fara sauka a Girka da Bulgariya da Turkiyya, ta cinye gonaki da dabbobi, sannan ta juya kudu ta ƙetare teku. Ranar 10 ga wata ta iso gabashin Libiya. Iskarta ba ta kai ta manyan guguwoyin da ke kaɗa gaɓar Amurka ba, gudunta bai wuce kilomita 70 zuwa 80 a awa ba. Nauyinta yana cikin ruwan da ta ɗauko. A garin Baida an auna milimita 414 cikin kwana ɗaya, wato kusan abin da Damagaram ke samu a damina guda cur, daga ruwan shuka har zuwa na bankwana. (Baidan nan ta samo sunanta ne daga farar zawiyar da Shehu Muhammadu ɗan Ali as-Sanusi ya gina a wurin a 1843.)

A cikin kwarin Darna akwai madatsun ruwa biyu da wani kamfanin Yugoslabiya ya gina a shekarun 1970, da yumɓu da duwatsu. Ta sama, wadda ake kira Abu Mansur, tana da nisan kimanin kilomita 14 daga gari, tsayinta ya haura mita 70, tana ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 22 da rabi. Ta ƙasa ƙarama ce, miliyan ɗaya da rabi kawai take ɗauka, kuma a bakin gari take. A ranar hukumomi sun sa dokar hana fita, hankalin mutane da yawa kuma yana kan teku, domin daga can ake jiran sharrin guguwa. Can tsakar dare, wajen ƙarfe biyu da rabi zuwa uku na wayewar Litinin 11 ga wata, madatsar sama ta fashe. Ruwanta ya gangaro ya ture ta ƙasa. Ya shiga gari cikin duhu, tsayinsa a wasu wurare ya kai mita 7, ɗauke da laka da duwatsu da motoci. Ya kwashe gadojin da suka haɗa gabas da yamma, ya tumɓuke gidajen sama da mutanensu a ciki ya zuba a teku.

Bayan ruwa ya janye

Da gari ya waye, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na Darna babu shi. Inda jiya akwai unguwa da shaguna da makaranta, yau fili ne na jar laka har bakin teku. Gawawwakin da aka tabbatar sun haura 4,000, dubbai kuma ba a gan su ba. Kwana da kwanaki teku na maido da mutane gaɓa, wasu a nesa da garin ƙwarai. Likkafani ya ƙare, aka koma naɗe mamata da barguna, ana binne su a kaburburan bai-ɗaya a bayan gari. Fiye da mutum 30,000 suka rasa matsuguni a Darna kaɗai.

Akwai gidajen da aka shafe gaba ɗaya, kaka da ɗa da jika, har ba a samu wanda zai je ya ce wane ya ɓata ba. Duk wanda ya saba da zaman makoki a ƙasar Hausa, inda ake shimfiɗa tabarma a ƙofar gida kwana uku ana karɓar gaisuwa, ya tsaya ya kwatanta mutuwar da babu gidan da za a shimfiɗa tabarmar, babu kuma mai karɓar gaisuwar. Waɗanda suka tsira kuwa sun shiga wata jarrabawar ta daban: matar da ba a ga gawar mijinta ba, ba ta san ko ta fara takaba ba, magada ba su san wanda ya riga wani cikawa ba, alhali rabon gado yana rataye da sanin hakan. Babin wanda ya ɓata, da ɗalibi ke wucewa da sauri a littattafan fiƙihun Malikiyya kamar abin da ba ya aukuwa, ya zama tambayar dubban gidaje a dare ɗaya.

Cikin matattun akwai baƙi masu neman abinci, da yawa daga Masar da Sudan, leburori da magina. Wannan ba zai wuce ta kunnen mutumin Tawa ko Damagaram ba tare da ya ji shi a jiki ba, domin ƴan Nijar suna cikin mafi yawan baƙin da ke Libiya, kuma ba kasafai ake rasa mai ɗa ko ƙane a can ba. An kuma ga alheri. Libiya ta daɗe a rabe, gwamnati a Turabulus, wata a gabas, an sha zubar da jini a tsakani. Amma a kwanakin nan samari daga Misrata da Turabulus suka cika motoci da ruwan sha da barguna, suka yi tafiyar fiye da kilomita dubu, suka zo suna tono da hannu.

Ladabi da iska

Abin da ya fara wajaba a kan muridi idan ya ji irin wannan labari shi ne ya kama harshensa game da iskar kanta. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa iska ta taɓa fizge mayafin wani mutum a zamanin Manzon Allah (SAW), mutumin ya la'ance ta, sai aka hana shi, aka sanar da shi cewa umartarta aka yi, kuma wanda ya la'anci abin da bai cancanci la'ana ba, la'anar kansa take komawa. Aka koya wa al'umma ta roƙi alherin iskar da alherin abin da aka aiko ta da shi, ta nemi tsari daga sharrinta. Ga mai tafiya a tafarkin tarbiyya wannan hadisi ƙofa ce babba. Suratul Isra'i ta ba da labarin cewa babu wani abu a sama da ƙasa face yana tasbihi, sai dai mutane ba sa fahimtar tasbihin. Ke nan guguwa baiwar Allah ce mai ɗa'a, ba ta taɓa saɓa wa Ubangijinta ba ko da ƙiftawar ido, abin da mai ɗora mata laifi ba zai iya faɗa game da kansa ba. Jaridu sun yi ta rubuta cewa yanayi ya fusata, teku ya yi ramuwa. Wanda ya san tauhidi ba ya ba teku zuciyar da zai yi fushi da ita, ba ya kuma ɗaukarsa abokin gaba da za a ci da yaƙi.

Amma ɗa'ar iska ba ta sa a raina ta. Nana A'isha (RA) ta ba da labarin cewa idan Annabi (SAW) ya ga hadari ya taso, ana ganin sauyi a fuskarsa, ya shiga ya fita, ya kai ya komo, sai ruwa ya sauka sannan hankalinsa ya kwanta. Da ta tambaye shi, sai ya tuna mata Adawa, waɗanda suka hangi girgije ya fuskanto kwarurukansu suka yi murna cewa ruwa ne, ashe iska ce da za ta yi dare bakwai da yini takwas a kansu. Mafi sanin Allah a cikin halitta ke nan, mafi dogara gare shi, amma hadari yana tayar da shi tsaye. Sau da yawa a kan ga ɗan'uwa yana nuna ko-in-kula da haɗari, yana ganin hakan alamar nisa ne a cikin ma'arifa. Da rashin damuwa da hadari maƙami ne, da an gan shi a wurin Shugaba (SAW) kafin kowa.

Harshe game da matattu

Kame harshe na biyu ya fi na farko wuya. Duk lokacin da bala'i ya sauka a wani gari, ba a rasa masu gaggawar cewa azaba ce, sai an bincika abin da mutanen garin suke aikatawa. Darna kuwa gari ne mai sauƙin jifa, domin ya sha hannun ƙungiyar Da'ish a 2014 da 2015, ya sha ƙawanya da yaƙi a 2018 da 2019, kowane ɓangare yana da laifin da zai iya jingina masa. Sai mutum ya zauna a inuwar darbejiya, nisan dubban kilomita, ya yanke hukunci a kan jaririn da ruwa ya ɗauke daga gadon uwarsa.

Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wanda ruwa ya ci da wanda gini ya faɗa wa suna cikin shahidai. Mutanen Darna yawancinsu sun haɗa biyun. Wanda shari'a ta ba wannan suna, da wane ilimi wani zai sauya masa shi? Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu rana ta yi husufi, mutane suka ce saboda rasuwarsa ne. Magana ce da za ta ƙara wa gidansa girma a idon jama'a, amma ya tashi ya warware ta, ya bayyana cewa rana da wata ayoyi ne na Allah, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa, ya umarci mutane da salla da addu'a da sadaka. Ya hana a ɗaura ayar sama a wuyan mutum guda ko da don girmama shi ne, balle don tozarta shi.

Tarihin Makka ma ya isa shaida. A zamanin halifancin Sayyidina Umar (RA) ambaliyar da ake kira ta Ummu Nahshal ta shiga Harami ta ɗauke Maƙamu Ibrahim daga wurinsa, sai a ƙasan gari aka tsince shi. A shekara ta 1039 bayan Hijira, wato 1630, ruwa ya sake shiga har bangayen Ka'aba suka zube, aka sake ginin a zamanin Sarkin Musulmi Muradu na huɗu na daular Usmaniyya. A 1941 an yi ɗawafi da iyo. Makka a cikin kwari take, ruwan duwatsun da ke kewaye da ita kuma ƙasa yake gangarowa, kamar yadda Allah ya tsara wa kowane ruwa. Alfarmar wuri ba ta ɗage wa ruwa wannan umarni ba, haka nan kusancin kaburburan magabata bai ɗage shi a Darna ba. Masallacin Sahabbai ya tsaya da ƙubbarsa, amma laka ta shige shi, unguwannin da ke kewaye da shi kuma suka tafi.

To, me Sayyidina Umar (RA) ya yi? Ya taso daga Madina, ya tambayi wanda ya san ainihin wurin Maƙamin, ya mayar da shi, sannan ya sa aka gina shinge na duwatsu a saman Makka don karkatar da ruwa daga Harami.

Abin da aka sani kafin daren

Nan ne darasin yake da zafi. Iska ta yi abin da aka umarce ta, ruwa ya bi gangare. Madatsar kuwa aikin hannun ɗan Adam ce, kuma ɗan Adam ne aka ɗora wa kula da ita. Darna ta san ambaliya tun da daɗewa, ta 1959 tana cikin waɗanda dattawa ba su manta ba, don haka ma aka gina madatsun. Babban mai gabatar da ƙara na Libiya ya bayyana cewa an ga tsagewa a jikinsu tun 1998. Mataimakin magajin garin ya ce rabon da a yi musu gyara tun 2002. An ba da kwangilar gyara a 2007, sai yaƙin 2011 ya zo ƙasa ta rikice. Rahoton masu binciken kuɗin gwamnati na 2021 ya nuna an ware kuɗi a 2012 da 2013 amma ba a yi aikin ba. A 2022, shekara guda kafin daren, wani malamin jami'ar Umar al-Mukhtar mai suna Abdulwanis Ashur ya wallafa bincike a kan kwarin, ya ce idan ruwa mai yawa ya zo ba a gyara madatsun ba, mutanen kwari da na gari za su ga bala'i. Takardar ta kwanta a inda irinta ke kwanciya.

Shekara 25 ke nan tsakanin ganin tsagewa da fashewa. Jaririn da aka haifa a shekarar da aka gan ta ya girma, ya yi karatu, wataƙila har ya yi aure ya kama haya a bakin kwarin. Ranar 18 ga Satumba, mako guda bayan ambaliyar, mutanen garin suka taru a gaban Masallacin Sahabbai suna neman a hukunta masu laifi, da dare aka cinna wa gidan magajin gari wuta. A watan Yuli na 2024 kotu a Darna ta ɗaure jami'ai 12, daga shekara 9 zuwa 27. Ko hukuncin ya kai ga manyan da abin ya rataya a wuyansu, wannan magana ce da mutanen garin da yawa ba su gamsu da ita ba.

Alƙur'ani ya riga ya ba da labarin wata madatsa. Suratu Saba'i ta ambaci mutanen da aka ba gonaki biyu, dama da hagu, suka juya wa godiya baya, aka aiko musu da ambaliya, gonakin suka koma itatuwa masu ɗaci da ɗan abin da ba a rasa ba na magarya. Madatsar Ma'arib ke nan a Yaman, wadda ta yi sama da shekara dubu tana shayar da ƙasa, ana gyara ta duk lokacin da ta tsage, har ta yi faɗuwar ƙarshe a ƙarni na shida na Miladiyya. Malaman tafsiri da dama sun kawo cewa ɓera ne ya yi ta ƙwaƙular gindinta. Wanda ya yi tunani zai ga cewa godiyar madatsa ba ta tsaya a harshe ba. Godiyar kowace ni'ima ta haɗa da kiyaye ta, kuma toshe ramin ɓera tun yana ƙarami yana daga cikin kiyayewar.

Sai kuma ƙissar da babu zawiyar da ba a karanta ta: haɗuwar Annabi Musa (AS) da Halliru (AS) a Suratul Kahfi. Ƴan'uwa sun saba ɗaukar darasin sallamawa ga shehi daga cikinta, da haƙuri a kan abin da hankali bai kai gare shi ba, kuma daidai ne. Amma a duba aiki na uku. Sun isa wani gari, sun nemi abinci an hana su, sai suka tarar da bango yana shirin faɗuwa. Bawan da Allah ya sanar da shi ilimi daga wurinsa bai tsaya ya ce faɗuwar bango ƙaddara ce ba, bai kuma ce mutanen nan marowata ne, su ɗanɗana kuɗarsu ba. Ya tayar da bangon, bai karɓi ko sisi ba. Daga baya ya bayyana cewa akwai dukiyar marayu biyu a ƙarƙashinsa, mahaifinsu mutumin kirki ne. Wanda ya fi kowa sanin sirrin ƙaddara a cikin ƙissar shi ne wanda ya yi aikin magini. A ƙarƙashin bangon Abu Mansur ma akwai ajiya, yara dubbai da ke barci, kuma babu wanda ya buƙaci kashafi kafin ya san bangon zai faɗi, tunda an rubuta a takarda.

Saboda haka kalmar “haka Allah ya ƙaddara” tana da wurin faɗa. A bakin uwar da ta rasa ƴaƴanta biyar, imani ce da yarda, kuma babu abin da ya fi ta sanyaya zuciya. A bakin wanda aka damƙa wa kuɗin gyara, fakewa ce. Lokacin da Sayyidina Umar (RA) ya juya da jama'a daga hanyar Sham saboda annoba, Abu Ubaida (RA) ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya amsa da cewa daga wata ƙaddarar Allah yake gudu zuwa wata ƙaddarar Allah. Ya buga misali da mai raƙuma a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya busasshe: duk inda ya kai su da ƙaddarar Allah ya kai su, amma shi ya zaɓi gefen. Gyaran madatsa ma da an yi shi, da ƙaddara ce.

Hannun mutane a cikin girgijen

Ko ruwan saman ma ba a rasa sawun ɗan Adam a cikinsa ba. A watan Yuli na 2023 zafin saman tekun Bahar Rum ya haura digiri 28, ya kai matakin da ba a taɓa aunawa ba kafin nan. Teku mai ɗumi yana ba guguwa tururi, iska kuma duk ƙarin digiri ɗaya na zafi tana ƙara riƙe danshi da kusan kashi 7 cikin ɗari. Masanan da suka yi nazarin guguwar Daniel sun ce ɗumamar duniya, wadda ƙona man fetur da gawayin ƙasa da iskar gas ke jawowa, ta ninka yiwuwar irin wannan ruwa a Libiya har kusan sau 50. A kan duwatsun kuma an shekara ana sare daji don gini da gawayi, ƙasar da babu saiwa a cikinta ba ta shan ruwa, sai ta sake shi gaba ɗaya tare da kanta. Wannan jar lakar da ta rina teku a bakin Darna ƙasar dutsen ce. Aya ta 41 a Suratur Rum, wadda ta danganta bayyanar ɓarna a tudu da teku ga abin da hannayen mutane suka aikata, malamai sun fassara ta da zunubai, kuma gaskiya ne. Sare itacen da ke riƙe da gangare ba tare da dasa wani ba, da cin kuɗin gyara, da sayar da fili a hanyar ruwa, su ma zunubai ne, sai dai ba kasafai ake lissafa su a wa'azi ba. Abin lura kuma, wanda ya aikata ba lallai shi ruwan ke ci ba. Leburan da ya zo daga ƙauyen Masar bai ƙona man da ya ɗumama teku ba.

Akwai wani hadisi na Anas (RA) da ya kamata a sake karantawa da Darna a zuci. Wani mutum ya shigo ranar Juma'a Annabi (SAW) yana huɗuba, ya koka da fari, aka roƙi ruwa, aka yi mako ana yi. Juma'a ta gaba aka koka cewa hanyoyi sun yanke, dukiya ta halaka. Manzon Allah (SAW) bai roƙi a ɗauke ruwan daga duniya ba. Ya roƙi a kawar da shi daga kansu zuwa kewayensu, kan tuddai da duwatsu, da cikin kwaruruka, da matsirar itatuwa. Ashe cikin kwari rabon ruwa ne, har a cikin addu'ar Fiyayyen halitta. Wanda ya kafa tubali a tsakiyar kwari ya kafa shi ne a inda aka roƙa wa ruwa masauki. Kwarin yana iya yin shekara talatin a bushe, har a manta da sunansa, a yanka shi fuloti-fuloti. Hausawa sun riga sun faɗa cewa ruwa ba ya ɓata hanyarsa.

Wannan ɓangaren bai tsaya a Libiya ba. Shekara guda daidai bayan Darna, ranar 10 ga Satumba 2024, madatsar Alau ta ɓalle ta mamaye Maiduguri. A daminar nan ta 2024 ambaliya ta kashe sama da mutum 300 a Nijar, jihar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi jin jiki, kuma a farkon Satumba tsohon masallacin ƙasa na Birnin Damagaram, wanda ya tsaya tun tsakiyar ƙarni na 19, ya zube. A 2020 kogin Kwara ya fasa shinge a Yamai ya shiga unguwannin gaɓa. Babu guguwar teku a nan, amma akwai ƙoramun da aka gine, da magudanun da leda ta toshe, da gangaren da aka aske. Kuma a cikin sahun wazifa na kowace zawiya akwai magini, akwai dillalin filaye, akwai ma'aikacin magajin gari mai sa hannu a takarda, akwai ɗalibin da gobe zai zama injiniya, akwai mai unguwa. Istigfarin da ake yi safe da yamma a lazimi yana da sharaɗin da littattafan tauhidi da fiƙihu duka suka ambata, wato mayar da haƙƙi ga mai shi. Dillalin da ya san filin nan hanyar ruwa ne ya sayar wa baƙo da rani bai faɗa masa ba, carbinsa ba zai biya masa wannan bashin ba sai ya koma ya faɗa.

Ƙasar nan kuwa tana da shaidar cewa gyara yana yiwuwa. Tun daga shekarun 1980 manoman Maraɗi da Damagaram suka koma barin tohon itatuwa a gonakinsu maimakon tumɓuke shi lokacin sassabe, suna rage rassa su bar mai ƙarfi ya tashi. Da wuƙa da haƙuri kawai, gawo da kalgo da sabara suka dawo a fili mai faɗin kusan hekta miliyan 5. Yawancin waɗanda suka yi aikin ba su taɓa jin sunan Darna ba, kuma babu wanda ya biya su lada a kan ƙasar da suka riƙe wa na ƙasa da su.

A Darna an kwashe laka, an sake gina gadoji a kan kwarin, an buɗe makarantu. A maƙabartar bayan gari akwai layukan kaburbura masu lamba maimakon suna, ana ɗaukar samfuri daga jikin dangi ana gwadawa da na mamatan, lokaci-lokaci a kira wani gida a ce an gane nasu. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu a wannan dare, ya karɓi shahadarsu, ya ba waɗanda suke jiran kira haƙuri, albarkacin Shugaba (SAW).